Iskar Adar da wutar lantarki

1. Iska da manomi

Duk yaron da ya tashi a Madawa ko Buza ko Keita ya san iska. Ba sai an ba shi labarinta ba. Da an gama girbi, iskar hunturu take tasowa daga gabas maso arewa. Tana busar da leɓe, tana tsaga ƙafa, tana cika ɗaki da ƙura. In damina ta kusa, sai ta juya, ta riƙa fitowa daga kudu maso yamma. Ita ce ke koro hadari. Amma sau da yawa iska takan riga ruwa isowa. Ta kwashi rairayi, ta binne hatsin da bai daɗe da tsira ba. Washegari manomi ya zo gona, ya tarar ba kome. Sai ya nemi iri, ya sake shuka.

Ƙasar Adar ƙasar tudu ce da duwatsu. Saman tuddan a shimfiɗe yake, itatuwa kaɗan ne, babu abin da ke tare iska. Tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu albarka, kamar Majiya da Tarka da kwarin Keita. A nan ake noman hatsi da dawa, a nan ake lambun albasa da rani.

Mutanen wannan ƙasa sun daɗe suna kokawa da iska. A shekarar 1975, bayan babban farin da aka yi, aka fara dasa dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza. Manoma da ma'aikatan gandun daji da wata ƙungiyar Amurka mai suna CARE ne suka haɗa hannu. Suka jera itatuwan layi biyu biyu. Tsakanin wannan shinge da na gaba, mita 100. Da itatuwan suka girma, iska ta rage ƙarfi a cikin gonaki, ƙasa ta daina tashi, hatsi ya ƙaru. Aka kuma samu itacen wuta da na rufin ɗaki.

A shekarar 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da taimakon ƙasar Italiya. Mata ne suka fi yawa a wurin aikin. Sun ɗauki duwatsu a ka, sun tona ramuka a jikin tudu, sun dasa miliyoyin itatuwa. Duk wannan wahala don a tsare ƙasa ne daga ruwa da iska.

To, ga shi yanzu wasu sun zo neman iskar nan da kanta. Ba su son a tare ta. Inda ta fi ƙarfi, can suke so.

2. Yarjejeniyar 2022

A watan Maris na shekarar 2022, gwamnatin Nijar ta sa hannu a kan wata yarjejeniya da wani kamfanin Ingila mai suna Savannah Energy. Kamfanin ya ce zai gina tashar wutar lantarki mai aiki da iska a jahar Tawa, cikin gundumomin Madawa da Buza da Keita. An raɗa wa tashar sunan kwarin Tarka. Za a kafa injunan iska da yawansu zai iya kai 60. Ƙarfinsu duka zai iya kai megawat 250. Nijar ba ta taɓa samun irin wannan tasha ba.

Mene ne megawat? Awo ne na ƙarfin wuta. Megawat 1 daidai yake da wat 1 000 000. Ƙwan fitila na ɗaki yana iya cin wat 10. Ke nan megawat 1 yana kunna ƙwai 100 000 a lokaci guda. Tashar hasken rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a 2018, megawat 7 gare ta. A gwada 7 da 250, a ga bambanci.

Abin lura shi ne, wannan kamfani sana'arsa ta asali haƙar mai ce. Ya shigo Nijar a 2014 don neman man fetur a Agadem, can gabas. A 2018 ya tona rijiyoyi 5, ya samu mai a cikinsu duka. Yana kuma sayar da gas a kudancin Nijeriya. Da farko sunansa Savannah Petroleum, wato na man fetur. A 2020 ya sake suna. Me ya kai mai haƙar mai neman iska a kan duwatsun Adar? Kafin a ba da amsa, sai a fara sanin yadda injin yake aiki.

3. Yadda iska ke zama wuta

Wanda ya taɓa ganin keke mai dinamo ya riga ya gane rabin maganar. Taya tana juyawa, tana murza kan dinamo, fitila ta kama. In mai keke ya ƙara gudu, haske ya ƙaru. In ya tsaya, fitila ta mutu. A cikin dinamo akwai maganaɗisu da wayar tagulla a nannaɗe. Juyawar maganaɗisu kusa da waya ita ce ke haifar da wuta.

Janareta ma haka yake, sai dai shi mai ne ke juya shi. A madatsar Kainji ta Nijeriya ruwa ne ke juyawa. A tashar SONICHAR ta Anu Araren, kusa da Agadas, gawayin ƙasa ake ƙonawa, ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin. Dabarar ɗaya ce, abin da ke turawa ne ya bambanta.

Injin iska kamar fanka yake, amma aikinsa a juye. Fanka tana cin wuta ta ba da iska. Shi kuwa yana karɓar iska ya ba da wuta. Ana kafa doguwar hasumiya ta ƙarfe, wadda tsawonta kan kai mita 100. A ƙwanƙolinta akwai wani ɗaki mai girman babbar mota, janareta yana ciki. A gaban ɗakin akwai fukafukai 3. A manyan injuna, kowane fiffike ya kan wuce mita 60. Daga nesa sai a ga kamar a hankali suke juyawa, sau 10 ko 15 a minti. Amma bakin fiffiken yana gudun fiye da kilomita 200 a awa. In iska ta sake hanya, ɗakin yana juyawa da kansa ya fuskance ta.

Don me ake yin hasumiyar da tsawo haka? Don iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, ta kuma fi ta tsayawa a kan hanya ɗaya. A ƙasa, itatuwa da gidaje da duwatsu suna karya ta. Ga kuma wani abin mamaki da masana suka auna: in gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da take ɗauke da shi yana ninkawa sau 8. Shi ya sa ba a kafa injin a ko'ina. Sai an kafa sandar awo tukuna, a yi shekara ɗaya ko fiye ana rubuta gudun iska dare da rana. Tudu biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya ya dace, ɗaya bai dace ba.

Injin yana fara juyawa in iska ta kai wajen mita 3 a daƙiƙa. In ta yi hauka, ta kai wajen mita 25 a daƙiƙa, sai ya tsayar da kansa don kada ya karye. Ashe guguwa ba ta da amfani gare shi. Iska madaidaiciya mai daɗewa yake so, irin ta hunturu.

4. Hayaƙin da ido ba ya gani

Wata rana a aji, malam ya ɗauko kwalbar lita ɗaya, ya aza a kan tebur. Ya ce: «In wannan kwalba cike take da gazuwal, nauyin man bai kai kilo 1 ba. Amma in aka ƙone shi a injin, yana fitar da gas karbonik wajen kilo 2 da rabi.»

Wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce: «Malam, ta yaya abin da bai kai kilo 1 ba zai haifi kilo 2 da rabi?»

Malam ya ce: «Madalla da wannan tambaya. A cikin mai akwai wani abu da ake kira karbon, irin wanda ke cikin gawayi. Wuta ba ta ci sai da iska. In mai yana ƙonewa, karbon ɗin yana haɗuwa da wani sashe na iskar da muke shaƙa. Nauyin biyun ne ke taruwa. Baƙin hayaƙin da kuke gani a bayan mota daban ne. Shi gas karbonik ba shi da launi, ba shi da wari.»

Wata yarinya ta ce: «To, Malam, tun da ba a ganinsa, mece ce illarsa?»

Malam ya ce: «Ki tuna da bargo a daren sanyi. Bargo ba ya kawo zafi, amma yana hana zafin jikinki fita. Haka gas ɗin nan yake yi wa duniya. Rana tana ɗumama ƙasa, shi kuma yana hana wani kashi na zafin komawa sama. Kaɗan daga cikinsa alheri ne, ba don shi ba da sanyi ya hana rayuwa. Amma an yi ta ƙara bargo a kan bargo.»

Gaskiyar malam. Kafin zamanin masana'antu, in an kasa iskar duniya kashi miliyan 1, gas karbonik wajen kashi 280 ne. A shekarar 2023 ya kai wajen kashi 420. Ƙona gawayin ƙasa da mai da gas ne babban dalili. Duniya ta ƙara zafi, yanayi ya rikice. A daminar 2024 an yi ambaliya mai tsanani a Nijar. Mutane fiye da 300 suka rasu, gidaje da gonaki suka tafi, tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Masana sun ce ɗumamar duniya tana ƙara wa irin wannan ruwa ƙarfi.

Akwai rashin daidaito a cikin wannan al'amari. In an raba gas karbonik da Nijar ke fitarwa ta hanyar ƙona mai da gawayi a kan mutanenta, kowa zai tashi da wajen kilo 100 a shekara. Na mutumin Amurka ya fi haka sau 100. Wanda ya fi kowa ƙarancin hayaƙi, shi ke cikin waɗanda suka fi shan wahalarsa.

A shekarar 2015 ƙasashen duniya suka taru a birnin Paris, suka yi alkawarin rage wannan hayaƙi. Nijar tana cikinsu. Daga nan kamfanoni da yawa suka fara sake lissafi. Wasu bankuna suka daina ba da bashin gina tashar gawayi. Masu saye suka fara tambayar da wace irin wuta aka yi kayan da ake sayar musu. Sannan injin iska ya yi araha: tsakanin 2010 da 2020 kuɗin wutarsa ya faɗi da fiye da rabi. Wanda ya kafa janareta, kullum sai ya sayi mai. Wanda ya kafa injin iska ya kashe kuɗi mai yawa da farko, amma ba wanda zai sayar masa da iska. Saboda haka kada a ɗauka tausayin duniya kaɗai ke tura kamfanoni. Akwai riba a ciki.

Wani kamfanin ƙasar Danmak ya yi nisa a wannan hanya. Da sunansa DONG, yana haƙar mai da gas, yana ƙona gawayi. A 2017 ya sayar da rijiyoyinsa na mai da gas, ya koma Ørsted. Ya duƙufa ga kafa injunan iska a cikin teku. A 2024 ya rufe tasharsa ta gawayi ta ƙarshe. Ƙasar Danmak kuwa, fiye da rabin wutar da take samarwa daga iska take fitowa. Shi kamfanin da ya zo Tarka bai yi haka ba. Bai bar mai da gas ba, ya dai ƙara iska a cikin sana'arsa. Sake suna abu ne mai sauƙi. Abin dubawa shi ne yawan man da aka daina ƙonawa.

Da aka sa hannu, kamfanin ya ce tashar Tarka za ta hana fitar gas karbonik fiye da tan 400 000 kowace shekara. Wannan kamar a fasa ƙona gazuwal lita miliyan 150 ne.

5. Wuta ga wa?

Ga mutumin Nijar, maganar wuta ta riga maganar hayaƙi. A shekarar 2022, wajen mutum 1 ne cikin 5 ke da wutar lantarki a gidansa. A karkara abin ya fi haka ƙaranci. Yaro yana bitar karatu da tocila. Asibitin ƙauye yana fama da ajiyar allurar rigakafi. Mai lambun albasa a kwarin Tarka yana sayen esansi don injin ban ruwa, in mai ya yi tsada ribarsa ta tafi.

Wutar da ake da ita ma, mafi yawanta daga Nijeriya ake sayowa a lokacin, wajen kashi 70 cikin 100. Ta Yamai tana shigowa daga Birnin Kebbi. Ta Maradi da Damagaram da Tawa tana shigowa daga Katsina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wutar a farkon watan Agusta. Ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A cikin waɗannan watanni, garuruwa sun kwana cikin duhu, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun zauna ba aiki. Kowa ya ga ranar wutar gida. Iskar Adar kuwa ba wata ƙasa da za ta iya yanke ta.

Sai dai akwai abin da ya kamata ɗalibi ya gane. Kafa injin a bayan gari ba ya nufin wuta ta shiga garin. Wutar babbar tasha tana hawa manyan layuka ne, ta tafi inda kamfanin NIGELEC ke rarraba ta. Kafin ta shiga ƙauye, sai an kafa turaku, an ja ƙananan wayoyi, an sa na'urar rage ƙarfinta, kowane gida kuma ya samu kuɗin kwantar. In ba a yi wannan ba, yaro zai iya kallon fukafukai suna juyawa a kan tudu, shi kuma yana karatu da tocila.

Akwai kuma maganar ƙasa. Gindin hasumiya ba ya cin wuri mai yawa. A wasu ƙasashe ana noma da kiwo har ƙarƙashin injunan. Amma sai an fasa hanyoyi masu faɗi, an wuce ta gonakin wasu. Tuddan da baƙo zai gani kamar ba su da mai su, makiyaya ne na Fulani da Buzaye da dabbobin gari, akwai burtali a kansu. Wa za a biya diyya? Nawa? Wa zai samu aiki in an gama gini? Kamfanin ya yi maganar aikin mutum fiye da 500 a lokacin ginin. Amma bayan gini, mutane kaɗan ne tasha ke riƙewa, su ma waɗanda suka koyi aikin lantarki da na injin. Waɗannan tambayoyi na manoma ne da makiyaya da sarakuna da magadan gari, kuma gara a yi su kafin a zuba siminti.

Iska ita ma ba kullum take busawa ba. Akwai ranakun da ko ganye ba ya motsi. Don haka ba ta isa ita kaɗai. Sai an haɗa ta da hasken rana da wasu tashoshi, in wannan ya gaza wancan ya ɗauka.

6. Daga takarda zuwa tudu

A Afirka akwai inda aka yi irin wannan aiki aka gama. A Kenya, kusa da tabkin Turkana, an buɗe tasha mai injuna 365 a 2019. A Senegal an buɗe ta Taiba Ndiaye a 2020, mai injuna 46. Akwai kuma inda ya yi wuya. A Lambar Rimi ta jahar Katsina an shirya ƙaramar tasha mai injuna 37 da megawat 10. Aikin ya yi ta tsayawa, ya ci fiye da shekara 10.

Ta Tarka, an so ta fara ba da wuta a 2025. Hakan bai samu ba. An yi awon iska da bincike, amma shekarar 2024 ta ƙare ba a kafa hasumiya ko ɗaya ba. Irin wannan aiki yana bukatar bashi mai yawa, masu ba da bashi kuma suna jiran su ga wanda zai sayi wutar da farashin da zai biya. Ga shi Nijar ba ta da teku. Fiffike mai mita 60 ba ya lanƙwasuwa, ba a kuma yanka shi. Daga tashar jirgin ruwa ta Kwatanu zuwa Madawa ya fi kilomita 1 000, da kwana-kwana da gadoji da kasuwannin bakin hanya. Da iyakar Benin ta rufe a 2023, manyan motoci suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo.

Kalmomi

iska: le vent
injin iska: l'éolienne
fiffike: la pale
wutar lantarki: l'électricité
shingen iska: le brise-vent
diyya: l'indemnité

Tambayoyi

1. Daga wane gefe iskar hunturu ke fitowa? Ta damina fa?
2. Me aka dasa a kwarin Majiya daga 1975? Don me?
3. Mene ne bambancin fanka da injin iska?
4. Me ya sa guguwa ba ta da amfani ga injin iska?
5. Ku faɗi dalilai 2 da ke sa kamfanoni komawa ga iska.
6. Me ake bukata kafin wutar babbar tasha ta shiga ƙauye?

Lissafi

1. Injuna 60 suna ba da megawat 250. Megawat nawa injin 1 ke bayarwa?
2. Tankar mai tana ɗaukar lita 30 000. Tanka nawa za su ɗauki lita miliyan 150?

Aiki

Ku samu kara da takarda mai kauri da ƙaya, ku ƙera ƙaramar fanka mai fukafukai 3. Ku gwada ta a tsakar makaranta, sannan ku gwada ta a kan tudu. Ku yi haka da safe da azahar da maraice har kwana 7, ku rubuta lokacin da ta fi gudu. In kun koma gida, ku tambayi kakanninku sunayen iskokin garinku da watan da kowace take busawa, ku kawo su aji.